Ma'aunin Nasara da Maganin Faɗuwa

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu, in yi magana da 'yan'uwana masu koyon aikin malanta a kan wani al'amari wanda ya ke damun kowannenmu, ko da ya ke ba mu cika son faɗinsa a fili ba. Al'amarin kuwa shi ne cin jarrabawa da faɗuwa. Kowace shekara in an liƙa takardar sakamako a jikin allo, sai ka ga 'yan makaranta sun rabu kashi biyu. Waɗansu suna tsalle suna murna kamar sun gama abin da ya kawo su duniya, waɗansu kuwa sun koma ɗaki sun lulluɓa da bargo, ba ci ba sha, har wani ya ɗaure akwatinsa ya nufi gida ba ko sallama. A ganina dukansu sun yi gaggawa. Wanda ya ci bai sani ba tukuna ko abin da ya samu zai amfani wani, wanda ya faɗi kuwa bai tsaya ya binciki abin da ya kayar da shi ba. Mu da za a danƙa wa 'ya'yan mutane gobe, wajibi ne mu warware wannan magana a zukatanmu tun yanzu, gama mudun da muka auna kanmu da shi, da shi za mu auna su.

Bari mu fara da ita jarrabawar kanta. Mutanen ƙasar Sin ne suka shahara da ita tun fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Sarakunansu suna bukatar ma'aikata, masu neman aiki kuwa sun yi yawa, sai aka shirya tambayoyi a rubuce don a tsamo kaɗan daga cikin masu yawa. Ba su bar wannan hanya ba sai a 1905. Mutanen Ingila suka ɗauki irinta a 1855 wajen zaɓen waɗanda za su aika su yi mulkin Indiya, daga baya ta yaɗu a makarantunsu, har ta iso gare mu. A 1952 aka kafa hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, a 1978 aka kafa JAMB mai tace masu shiga jami'a, a 1999 kuma aka kafa NECO. To, ka ga asalin jarrabawa rariya ce, an yi ta ne don tankaɗe. Ba na ƙin ta, gama in babu ita da ɗan talaka bai sami ƙofar da zai bi ya wuce ɗan mai hali ba, da sai sanayya da dangantaka su raba kujeru. Amma rariya girman tsaki kaɗai ta ke nunawa, ba ta san daɗin tuwo ba. Abin da yaro ya rubuta cikin awa biyu ko uku, ran da watakila zazzaɓi ke jikinsa, ko ya fito gida bai karya ba, bai isa a ce shi ne iyakar hankalinsa ba.

Mu da muka fara da makarantar allo mun san wani ma'auni dabam. A can ba a tara yara rana ɗaya a ce wannan ya ci, wancan ya faɗi. Kowa yana da allonsa, yana tafiya gwargwadon ƙarfinsa, daga babbaƙu zuwa farfaru har ya kama izu. In ka biya wa malam ya ji karatu ya zauna, sai ya ce ka wanke, a yi maka ƙari. In bai zauna ba, sai ka koma gindin bango ka yi ta maimaitawa, ba wanda zai kore ka. Wani ya sauke da wuri, wani ya daɗe, amma ran sauka duk ɗaya a ke yi musu walima. Wannan hanya ma tana da nata aibi, don yaro ya kan shekara a wuri guda ba wanda ya tambayi dalili. Duk da haka akwai hikima babba a cikinta, ita ce abin da a ke nema karatun ya shiga, kuma rashin iyawa yau ba hukunci ba ne na har abada. Tawada ce, ruwa na wanke ta.

To, in ba takardar sakamako ce ma'aunin nasara ba, mene ne? Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun ba su bukatar a je da su nesa neman misali, gama yana nan kwance a ƙofar gidansu, shi ne dam ɗin Bakalori. An fara gina shi a kan Gulbin Sakkwato a 1974, aka gama a 1978, wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ne ya yi aikin. Tafkin da ya taru ya rufe ƙasa wajen hekta 8,000, an kuma shirya gonaki wajen hekta 23,000 waɗanda za a riƙa ba ruwa da rani. In da za a ba aiki maki ran da aka gama shi, da wannan ya zo na ɗaya, don ga gini ya tsaya, ga ruwa ya taru, ga magudanai sun miƙe, ba abin da ido zai kushe.

Amma sai a tambayi manoma. Dubban gidaje aka tasa daga inda ruwa ya ci, aka kai su kan tudu inda ƙasa ba ta kai tasu ta dā albarka ba. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin aikin kuwa aka hana su shuka har damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, ana baje ƙasa da manyan motoci, aka sare itatuwan da su ke ci daga gare su, maganar diyya kuma ta zama rigima. Mutanen da ke ƙasa da dam ɗin, waɗanda ambaliyar kowace shekara ke jiƙa musu fadama su noma shinkafa su kama kifi, suka ga ruwa ya ragu. Da abin ya ishi manoma suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilu na 1980 aka aiko da 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka yi ɓarin jini a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Bayan wannan kuma, kashi mafi girma na gonakin an shirya shi ne a kan injuna masu fesa ruwa kamar yayyafi, waɗanda ke bukatar lantarki da kayan gyara daga ƙasashen waje. Da waɗannan suka yanke sai injuna suka tsaya, magudanai suka cika da yashi da ciyawa. Sai a 2014 Bankin Duniya ya yarda ya ba Nijeriya rance don gyaran manyan wuraren noman rani na Arewa, har da Bakalori, aka kuma sa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan cikin sha'anin kula da magudanai, abin da ya kamata a yi tun farko.

Abin da na ke so mu ɗauka a nan shi ne, ba a auna dam da tsawon gininsa, da ruwan da ya isa kunyar manomi a ke auna shi. Haka malami. Takardar shaidar da za a miƙa mana ran fita gini ne kawai. Nasararmu tana can ƙauyen da za a kai mu, ran da yaron da ya zo bai san baƙi ko ɗaya ba ya ɗauki wasiƙa ya karanta wa ubansa, ko ya lissafa masa kuɗin buhunan shinkafarsa kada a cuce shi a kasuwar Talata. Wanda ya zo na ɗaya a Kwaleji, ya je ya shekara goma yana barci a kan tebur yara suna wasa, dam ne wanda ruwansa bai fita ba. Wanda ya sha wuya kafin ya wuce, har ya maimaita aji, amma ya fitar da yara masu karatu, shi ne ya ci nasara, ko da ba a taɓa kiran sunansa ran rabon kyauta ba.

Yanzu sai maganar faɗuwa. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su zuba dukan faɗuwa a ƙwarya ɗaya, su ba ta magani ɗaya, su ce a yi haƙuri. Ni kuwa na ga iri uku ce, kowace da nata magani.

Ta fari ita ce wadda mutum ya jawo wa kansa. Ya bar karatu sai jarrabawa ta rage mako biyu, sa'an nan ya hana idonsa barci yana cusa wa kansa abin da aka koyar cikin wata tara. Ko kuwa ya haddace kalmomin littafi bai fahimci ma'anarsu ba, da an juya tambaya sai ya ɓace. Maganin wannan a duba gaskiya ido da ido. Ka je wurin malamin da ya duba takardarka, ka roƙe shi ya nuna maka inda ka kauce, ka rubuta wuraren a jere, ka bi su ɗaya ɗaya. Kada ka ce wai lissafi ne ba ka iya ba, gama lissafi gari ne mai unguwanni da yawa. Nemo unguwar da ka ɓace a ciki, ko rabawa ce, ko ɓangarorin lamba. Wanda ya ɗora wa ƙaddara abin da lalacinsa ya jawo, baɗi ma a ramin nan zai faɗa.

Ta biyu ita ce wadda waɗansu suka jawo maka. Ƙasarmu ta ga irin wannan da yawa. Ran 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe a ƙasar Talata Mafara da dare, suka kwashe yara 279, ba a sako su ba sai ran 2 ga Maris. A watan Agusta na shekarar aka faɗa wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ran 1 ga Satumba aka ɗebi yara 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, har gwamnati ta rufe makarantun Jihar Zamfara. Akwai kuma shekarun da aka riƙe sakamakon yaran makarantun gwamnati na jihar saboda bashin kuɗin jarrabawa da ba a biya ba, sai daga 2023 aka shiga biya. Yaron da ya zauna gida wata da watanni saboda an rufe makaranta, in ya kasa a jarrabawa, wane mai adalci ne zai kira shi daƙiƙi? Maganin wannan iri kashi biyu ne. Na ɗaya, kada mutum ya ɗauki laifin wani ya aza wa kansa har ya raina ƙwaƙwalwarsa. Na biyu, a nemi hakki ta hanyar da ta dace, iyaye da malamai su haɗa baki su kai kuka inda za a ji, a rubuce, cikin ladabi, ba tare da gajiya ba. Haƙuri daban, shiru daban. Wanda ya ce wa wanda aka zalunta ya yi haƙuri kawai, bai kuwa taya shi neman gyara ba, ya taimaki azzalumi ne bai sani ba. A wurina, duk yarinyar da ta ga wancan dare na Jangebe, ta kuma sāke ɗaukar littafinta ta koma aji, ta riga ta ci wata jarrabawa wadda ba hukumar da ta isa ta shirya irinta.

Ta uku ita ce wadda ba hannun kowa a ciki, kamar ciwo, ko rasuwar mahaifi wadda ta sa ɗa ya bar aji ya koma gona don ƙannensa su ci, ko fari da ya cinye abin da za a sayar a biya kuɗin makaranta. Nan ne wurin haƙuri na gaskiya da dangana ga Allah. Amma ko a nan, dangana ba ta hana neman wata ƙofa. Wanda ya rasa shekara bai rasa rai ba, ana sāke zama jarrabawa, akwai kuma ta masu zaman kansu wadda ba ta bukatar mutum ya kasance a aji. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Tarihin ƙasarmu ya nuna yadda manya suka yi da faɗuwa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadi. A 1804 jama'arsa suka yi hijira zuwa Gudu, suka ci nasara a Tafkin Kwatto, amma kafin shekarar ta fita aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, aka kashe wajen mutum 2,000, cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Ga yunwa, ga ciwo. Ba su tsaya nan suna maimaita abin da ya kayar da su ba. A 1805 suka taso suka sauka a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara inda za a sami abinci, daga nan aka juya aka ci Birnin Kabi, aka koma Gwandu aka kafa mazauni. Ko bayan haka sun sāke shan kashi a Alwasa. Alƙalawa, birnin Gobir, wanda suka kasa ci da fari, bai faɗi ba sai a 1808. Abin lura a nan, sun riƙe niyya, sun sāke dabara.

Ga kuma wani wanda ya fito daga irin makarantarmu. Ahmadu Bello ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, a 1934 aka naɗa shi hakimin Raba. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi bai samu ba, aka naɗa Abubakar, shi kuwa aka ba shi sarautar Sardauna aka kai shi Gusau ya duba ƙasashen gabas. A 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, aka yanke masa ɗauri a Sakkwato, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Da ya ɗauka cewa nasara kujera ɗaya ce tak, da rayuwarsa ta ƙare a 1938. Sai ga shi a 1954 ya zama Firimiyan Arewa, a 1962 aka buɗe jami'ar da ke ɗauke da sunansa a Zariya, wadda ta yaye malaman da suka koyar da malamanmu. Kada dai wani ya fahimce ni a karkace, ya ce duk wanda ya faɗi zai zama Firimiya. Da yawa daga manoman Bakalori sun mutu ba su ga gyara ba. Abin da tarihi ya tabbatar kaɗai shi ne, wanda ya tsaya a inda ya faɗi ba shi da rabo, wanda ya tashi kuwa yana cikin masu tsammani.

Na san wani zai ce, “Malam, wannan duk zaƙin baki ne. In ka je neman aiki takarda za a tambaye ka, ba wanda zai tambayi kyawun niyyarka. In ba ka da darasi biyar masu kyau, har da Ingilishi da lissafi, ƙofar gaba a rufe ta ke.” Gaskiya ne, ba na musu. Don haka ne ma na ce a koma a sāke zama, kada a yi zuciya a tafi. Takarda mabuɗi ce, mai hankali ba ya yar da mabuɗi. Abin da na ke tsoro shi ne wanda ya mai da mabuɗi ya zama shi ne ɗakin. Irin wannan ne ke kai mutum ga satar amsa, ko sayen tambayoyi, gama in takarda ce iyakar nasara, kowace hanya ta kai gare ta daidai ce a wurinsa. Malamin da ya fita da takardar sata kuwa, ba mutum ɗaya ya cuta ba. Kowace shekara za a ba shi yara hamsin ko fiye, shekara talatin yana ba su abin da ba shi da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, allon aji kuwa shi ne wurin wankan malami.

Saboda haka ga abin da na ke roƙon 'yan'uwana mu ɗaura niyya a kai tun muna nan. In mun je makarantunmu, kada mu tsai da yaron da ya zo na ƙarshe a gaban 'yan'uwansa a yi masa waƙa ana tafi, don ba a taɓa jin kunya ta koya wa yaro baƙi ba, sai dai ta kore shi zuwa tasha ko daji, mun kuwa ga abin da daji ke mai da yaran da makaranta ta rasa. Kada mu mayar wa yaro da takardarsa da jan alƙalami kaɗai, mu nuna masa inda ya kauce da yadda zai gyara. Mu auna shi da jiyansa kafin mu auna shi da maƙwabcinsa, wanda ya tashi daga goma ya kai talatin a yaba masa a fili. In yaro ya ɗauke ƙafa mako guda, mu taka mu je gidansu mu ji wace iri ce cikin ukun nan ta same shi, gama maganin da ya dace da malalaci zalunci ne ga maraya.

Ga malamanmu na Kwaleji kuma, tare da girmamawa, ina da roƙo biyu. Na ɗaya, a riƙa keɓe lokaci bayan kowace jarrabawa wanda duk wanda ya kasa zai zauna da malaminsa a duba takardarsa tare, tun kafin zuciya ta ɗebe shi. Na biyu, a ba koyarwar gwaji da mu ke fita yi a makarantun gari nauyi mai yawa wajen auna mu, don a can ne a ke ganin ko ruwa zai isa gona. Mu kuma 'yan makaranta, wanda ya fi ƙarfi a wani darasi ya jawo wanda ya raunana su zauna da maraice, gama mai koyar da ɗan'uwansa ya fara aikin da ya zo koyo ke nan.

Ya 'yan'uwana, wata rana a sha zuma, wata rana a sha maɗaci, ba wanda zai gama zamansa a Kwaleji, balle a duniya, bai ɗanɗani kowanne ba. Wanda ya ci bana ya tuna aikinsa bai fara ba tukuna. Wanda ya faɗi ya nemi dalili, ya wanke allonsa, ya sāke rubutu. Ƙauyukan Mafara da Bakura da Maradun suna jiran malamai, abin da za su nema gare mu kuwa shi ne 'ya'yansu su iya karatu. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.